Yini Guda a Babbar Majami'ar Kolon

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kama Muryar Jamus a gajeren zango ya san sunan Kolon tun kafin ya san inda take a taswira. Daga can aka yi ta watso shirin Hausa shekara da shekaru, kafin gidan rediyon ya tattara ya koma Bonn a 2003. Su kuwa Jamusawa, in ka ambaci wannan birni ba rediyo ke fara zuwa musu a rai ba, babbar majami'ar Katolika ce da ke tsakiyar garin, wadda suke kira Dom. Wani kwas ne ya kai ni Bonn, kuma tsakanin garuruwan biyu tafiyar kamar rabin awa ce a jirgin ƙasa. Da aka ba mu hutu wata rana a tsakiyar mako, sai na ƙudurta zuwa in gane wa idona.

Ba ni kaɗai na tafi ba. A cikin ayarinmu akwai wata baiwar Allah 'yar Kudancin Kaduna, 'yar Katolika, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ina ce mata Yaya. Ni musulmi ne, kuma na san akwai masu tambayar ko ya dace musulmi ya shiga coci. Malamai sun yi magana a kai, ra'ayinsu ya bambanta, kowa sai ya bi wanda zuciyarsa ta natsu da shi. Ni dai niyyata kallo da neman sani, ba shiga ibadarsu ba. Abin da ya dame ni shi ne kada in yi wani abu da zai ɓata wa masu gida rai, don haka tun a cikin jirgi na tambaye ta.

"Yaya, in mun shiga, me zan yi, me zan bari?"

"Ƙanena, ka cire hula, ka rage murya. In ka ga an fara sujada ka zauna a baya ko ka fita. Ba wanda zai ce ka durƙusa."

Ita ce ma ta hana mu zuwa ranar Lahadi, domin safiyar Lahadi ta masu ibada ce, 'yan kallo sai da rana ake buɗe musu. Ta kuma ce in bar babbar jakata a masauki, saboda tun 2017 aka hana shiga da akwati ko jaka mai girma. Wanda ya biyo da kaya zai iya ajiyewa a ma'ajiyar tashar jirgi ya biya kuɗi.

Tashar jirgin da majami'ar maƙwabta ne na ƙut da ƙut. Kana fitowa daga babbar ƙofar tasha, ka ɗaga kai, sai ka gan ta tsaye a kanka, baƙa wuluk, ta tare rabin sama. Na sha ganin hotonta, amma hoto ba ya gaya maka cewa sai ka lanƙwasa wuya baya sosai kafin idonka ya kai ƙarshenta. Hasumiyoyinta biyu kowace ta kai mita 157, kuma daga 1880 zuwa 1884 ba ginin da ya fi ta tsawo a duniya. Baƙin nan da ke jikinta ba fenti ba ne, ba kuma haka dutsen ya zo ba. Hayaƙin kwal ne na gidaje da masana'antu da jiragen ƙasa na dā, waɗanda suka yi ta ci da wuta a gindinta fiye da shekara ɗari, sannan ga ƙananan halittu da ke rayuwa a jikin dutse suna ƙara masa duhu. In ka lura da kyau za ka ga fararen duwatsu jefi-jefi a cikin baƙin. Waɗannan sababbi ne da aka musanya.

Muka hau matakalar da ke haɗa filin tasha da dandalin majami'ar, muka zagaya zuwa fuskar yamma inda babbar ƙofa take. A filin akwai wani abu da bai kamata mai ziyara ya wuce shi ba: an sassaƙa kwafin furen dutsen da ke kan ƙololuwar kowace hasumiya, daidai girmansa na gaskiya, an girke shi a ƙasa. Daga ƙasa furen na sama kamar ɗan maɓalli yake. Na ƙasa kuwa ya haura mita 9, mutum in ya tsaya kusa da shi sai ya zama ɗan mitsitsi. A nan ne ma'aunin ginin ya fara shiga kaina. Can gefe kuma ga wata tsohuwar ƙofa, ragowar ganuwar Rumawa, domin su ne suka mai da wurin birni a shekara ta 50 bayan haihuwar Annabi Isa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a wannan fili shi ne, fuskar nan da kowa ke ɗauka hoto, wadda ka rantse ta yi shekara 700, ba ta kai shekara 150 da kammaluwa ba. An aza harsashin ginin ranar 15 ga Agusta, 1248, a zamanin Akbishop Konrad von Hochstaden, kuma babban magini na farko, Gerhard, ya ɗauko salon ne daga manyan majami'un Faransa, musamman ta Amiens. Zuwa 1322 an gama ɓangaren gabas har an fara ibada a ciki. Daga nan aiki ya riƙa jan ƙafa, har a ƙarni na 16 kuɗi da himma suka ƙare, ya tsaya cak kusan shekara 300. Hasumiyar kudu ta tsaya a gundule, da wani ƙaton injin katako na ɗaga duwatsu a kanta, kuma injin nan bai sauka ba sai 1868. Kakanni da jikoki sun tashi sun mutu suna ganinsa a saman garinsu. Da sojojin Faransa suka kama Kolon a 1794, har rumbun abincin dawaki da wurin tsare fursunoni aka mai da majami'ar.

Farfaɗowarta ta zo ne ta hanyar wata takarda. Maginan farko sun zana fuskar yamma a kan fata, zanen ya kai mita 4 a tsaye, ya ɓace, ya kuma rabu biyu. A 1814 aka tsinci rabi a Darmstadt, a 1816 aka gano ɗaya rabin a Paris. Da aka haɗa su sai ga tsarin nan cikakke, kamar masu shi sun bar wasiyya. A 1842 Sarkin Prussia Friedrich Wilhelm na Huɗu, wanda shi ba ma ɗan Katolika ba ne, ya aza dutsen ci gaba da aiki, mutanen gari kuma suka kafa ƙungiyar tara kuɗi wadda ta ɗauki kaso mafi tsoka na nauyin. Aka yi bikin kammalawa a watan Oktoban 1880, shekara 632 bayan dutsen farko. Na daɗe ina juya wannan lissafi. Mutumin da ya zana wannan fata ya san sarai ba zai ga hasumiyar ba, ɗansa ma ba zai gani ba, amma ya zauna ya ja kowane layi daidai wa daida.

A bakin ƙofa akwai masu tsaro cikin dogayen riguna jajaye masu baƙin karammiski, wasunsu da ɗan akwatin katako rataye a wuya don mai son ba da gudummawa. Dā maza ne zalla, sai a 2019 aka fara ɗaukar mata. Su ke duba jaka, su ke tsawatar wa mai hayaniya, su ke nuna wa namiji ya cire hula. Lokacin da na je ba a biyan ko sisi don shiga zauren ibada. Hawan hasumiya da ɗakin kayan tarihi ne ke da tikiti. Na naɗe hulata na sa a aljihu. Jikina ya ɗan yi wani iri, domin a wajenmu takalmi ake tuɓewa a bar hula, a nan kuwa hula ake tuɓewa a bar takalmi. Mata ba ruwansu da wannan doka, na ga masu ɗankwali da masu hijabi suna shiga ba wanda ya tanka musu. Yaya ta tsoma yatsa a ruwan da ke bakin ƙofa ta yi alamar gicciye, ni kuma na ratse gefe na jira ta.

Sanyi ne ya fara tarbar mu, sannan ƙanshin kyandir da tsohon dutse. Sai tsawo. Daga daɓe zuwa rufi ya haura mita 43, daga ƙofa zuwa ƙarshen gabas kuma ya kusa mita 145. Ginshiƙan ba dunƙulallu ba ne, kowanne kamar an ɗaure siraran sanduna ne wuri guda, suna miƙewa sama har su rarrabu su haɗu da na ɗaya gefen a ɗaurin gugar rufin. Idonka ba ya samun wurin tsayawa, sama kawai yake bi. Abin mamaki, bango kusan babu shi, tagogi ne ko'ina, faɗinsu gaba ɗaya ya kai murabba'in mita dubu 10. Dabarar ita ce nauyin rufin ba a kan bango yake ba. Ana tura shi waje ta wasu tokaran dutse da ke kewaye da ginin, waɗanda na gani daga waje na ɗauka ado ne kurum. Can sama a jikin bango kuma ga ogan, babban abin kiɗan nan mai bututu, an rataye shi da sandunan ƙarfe daga rufi tun 1998.

Jama'a kuwa ba a magana. Ana ƙiyasta mutum miliyan 6 ke shiga a shekara, wato kusan dubu 20 a rana idan kasuwa ta buɗe. 'Yan makaranta da malamansu, ayarin 'yan Asiya da jagoransu, tsofaffi da sanduna. Duk da haka amon muryoyin ɓacewa yake a sama, sai ka ji kamar guna-guni daga nesa.

Muka bi gefen kudu, inda tagogin da Sarkin Bavaria Ludwig na Ɗaya ya bayar a 1848 suke, masu manyan hotuna da launi mai kauri. Ban daɗe a kansu ba. Tagar da ta tsayar da ni tana gaba, a hannun ginin da ya miƙa kudu. Asalin gilashinta ya tarwatse a Yaƙin Duniya na Biyu, aka toshe wurin da gilashi marar armashi shekaru da yawa, sai a 2007 aka sa sabuwa wadda mai zane Gerhard Richter ya tsara. Babu hoton mutum ko mala'ika a jikinta. Ƙananan murabba'ai ne 11,263 masu launi 72, kowanne kusan santimita 10, kuma kwamfuta aka sa ta warwatsa launukan ba bisa wani tsari da ido zai kama ba. Mun zo a daidai, rana ta doso tsaka, hasken ya ratso ya zuba a kan ginshiƙai da daɓe da fuskokin mutane, ja da shuɗi da rawaya da kore. Akbishop na wancan lokaci, Kadinal Meisner, bai so ta ba, har ya ce ta fi dacewa da masallaci. Shi da suka ya faɗa, amma ni na fahimci abin da ya hango, domin idon da ya saba da adon da ba siffar mai rai a ciki nan take yake sakewa da wannan taga. Yaya ta fi son tsofaffin, masu ba da labari. Ta ce a zamanin da talaka bai iya karatu ba, tagogin nan su ne littafinsa.

Dalilin gina wannan majami'a gaba ɗaya yana can gabas, bayan babban bagade, cikin akwatin gilashi. Wani akwati ne mai siffar ƙaramin coci, tsawonsa ya ɗan haura mita 2, an lulluɓe shi da zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja, an jera siffofin annabawa da manzanni a jikinsa. Maƙerin zinariya Nikolaus na Verdun ne ya fara aikinsa wajen ƙarshen ƙarni na 12, wasu suka ƙarasa. Kiristoci sun yi imani cewa a ciki akwai ƙasusuwan masana taurarin nan da Linjila ta ce sun zo daga gabas da kyautar zinariya da lubban da mur lokacin haihuwar Annabi Isa, waɗanda daga baya aka riƙa kira sarakuna uku. Akbishop Rainald von Dassel ne ya kawo ƙasusuwan daga Milan a 1164, bayan Sarki Friedrich Barbarossa ya ci garin da yaƙi ya ba shi su. Daga nan masu ziyarar ibada suka yi ta kwararowa daga ko'ina a Turai har tsohuwar majami'ar ta yi musu kaɗan, shi ya sa aka shiga gina wannan. Har gobe tambarin birnin Kolon kambi uku ne a samansa. Yawancin lokaci ba a barin mutum ya matsa kusa da akwatin, ta tsakanin ƙarafan shinge ake leƙe, amma ko daga nan ƙyallinsa na ɗaukar ido.

A wani ɗan ɗaki ta gefen arewa akwai gicciyen da ake kira na Gero, na itacen oak, wanda aka sassaƙa wajen shekara ta 970, wato ya girmi ginin kansa da kusan shekara 300. A nan aƙidata da ta Yaya suka raba hanya, kuma dukanmu mun sani: ni ban yarda an gicciye Annabi Isa ba, ita kuwa a kan wannan imaninta ya tsaya. Ba mu yi musu ba, ba wurinsa ba ne. Ta kunna kyandir ta jefa kuɗi a akwati, ta durƙusa. Na ja baya na ba ta wuri. Kusa da ita wata tsohuwa Bajamushiya ce, ta haɗa hannu, leɓenta na motsi, masu ɗaukar hoto na giftawa ta bayanta ba ta ko waiwaya. Wanda zai je, ina roƙonsa ya riƙe wannan: akwai mutanen da ba kallo ya kawo su ba. Kada ka saita waya a fuskar mai addu'a.

Ƙarfe goma sha biyu saura kaɗan masu jajayen riguna suka fara zagayawa suna sanar da cewa za a yi addu'ar tsakar rana, mai son zama ya zauna, mai yawo ya dakata ko ya fita. Ba ta da tsawo. Na zauna a bencin baya, aka kaɗa ogan, na ji sautin yana ratsa katakon da nake kai. Da aka tashi sai na ce wa Yaya mu koma ɓangaren arewa, akwai wurin da nake so in tsaya.

Na karanta labarin tun kafin in zo. Bayan yarjejeniyar da Jamus ta ƙulla da Turkiyya a 1961, dubban Turkawa suka zo aikin masana'antu, da yawansu a kamfanin motoci na Ford da ke Kolon. Ba su da masallacin da zai ɗauke su. Ranar 3 ga Fabrairu, 1965, ranar Ƙaramar Salla, aka bar ɗaruruwansu suka shimfiɗa dardumansu a wannan ɓangare na arewa, suka fuskanci alƙibla, suka yi sallar Idi a cikin majami'ar. Na tsaya ina kallon daɓen, ina tunanin mutanen nan: sun gama azumi cikin sanyin hunturu, nesa da iyali, ba su jin harshen garin sosai, sai ga wannan ƙofa ta buɗe musu. Da na ba Yaya labari ta yi shiru, sannan ta ce, "Ƙanena, wannan ai ya kamata a riƙa faɗarsa a gida." Na ce ƙwarai kuwa.

Hawan hasumiya ba ta cikin coci ake bi ba. Sai ka fito, ka zagaya gefen kudu, ka gangara wata matakala zuwa ƙarƙashin ƙasa inda ake sayar da tikiti, kuɗin 'yan Yuro kaɗan ne. Daga nan hanya ta ratsa ta cikin harsashin hasumiyar kanta, an huda shi an yi rami, kana tafe kana ganin baƙaƙen duwatsun da maginan farko suka jera, zurfinsu ya kai wajen mita 16 a ƙasa. Yaya ta ce gwiwarta ba za ta ɗauka ba, za ta jira ni a wani shagon shayi. Ta yi daidai, domin matakala 533 ce kuma babu lif. Mai ciwon zuciya, ko mai jin jiri, ko wanda ƙuntataccen wuri ke firgita shi, gara ya haƙura.

Matakalar murɗaɗɗiya ce ta dutse, tana juyawa ba hutu, kuma masu hawa da masu sauka duk ita suke bi, sai an riƙa raɓewa ana ba juna hanya. Tsakiyar kowane taki ya lotsa saboda sawu. Bangon kuma an cika shi da rubuce-rubucen sunaye, abin da ya ɓata mini rai ƙwarai, domin wani ya kashe ƙarfinsa ya sassaƙa dutse, wani kuma ya zo da biro cikin minti ɗaya ya ɓata. Wajen mita 53 sai ka iske ɗakin ƙararrawa, inda kowa ke tsayawa ya maido numfashi. A nan babbar take, ta Bitrus, mai nauyin tan 24, faɗin bakinta ya haura mita 3. An zuba ta a 1923 don ta maye wadda aka narkar a 1918 aka yi kayan yaƙi da ƙarfenta. Ba kullum ake kaɗa ta ba, sai manyan bukukuwa irin su Kirsimeti da Ista, ko rasuwar Fafaroma ko Akbishop. Kusa da ita akwai wata da aka zuba tun 1448, har yau tana aiki.

Daga nan aka ci gaba da juyawa, sannan dutse ya ƙare aka koma matakalar ƙarfe a tsakiyar wani fili mai iska, inda kake ganin ƙasa ta ƙarƙashin ƙafarka. Dandalin kallo yana wajen mita 97, an kewaye shi da ragar waya. Ga kogin Rhine shimfiɗe, jiragen dakon kaya na bin sa a hankali, ga gadar Hohenzollern jiragen ƙasa na shiga da fita ba ƙaƙƙautawa. Daga sama ne kuma za ka gane cewa kusan duk gine-ginen tsakiyar garin sababbi ne. Yaƙin Duniya na Biyu ya mai da wurin kufai. Majami'ar kanta manyan bama-bamai 14 suka same ta, rufi ya rufta a wurare da dama, amma ba ta faɗi ba, tagogin da suka fi tsufa kuma an riga an kwance su an ɓoye. Wani rami da bam ya yi a jikin hasumiyar arewa a 1943, da jan bulo aka toshe shi cikin gaggawa, facin nan ya zauna a fili sama da shekara 60 kafin a rufe shi da dutse.

Ranar sama ta yi garau, don haka can kudu na hango duwatsun Siebengebirge, kusa da Bonn inda na fito. Daga ɗaya daga cikinsu, Drachenfels, aka fasa dutsen da aka fara ginin da shi, aka riƙa lodo shi a jiragen ruwa ana gangarowa da shi ta kogin. Ta cikin ragar kuma ina kallon adon da ke jikin hasumiyar dab da fuskata: ganyaye, furanni, kawunan dabbobi, an sassaƙa su da kyau kamar za a ajiye a falo, alhali daga ƙasa ba mai ganinsu.

Da na sauko na tarar da Yaya, muka zagaya ta kudu maso gabas, inda ta ce ta ga wani abu da zai burge ni. Wani fili ne da ya nutse ƙasa da dandalin, kana leƙawa daga sama. A ciki ga tarin duwatsu, wasu sababbi farare, wasu tsofaffi da suka zaizaye har siffarsu ta ɓace, ga mutane cikin kayan aiki da guduma da kurfi. Wannan ita ce ma'aikatar gyaran majami'ar, mai ma'aikata wajen ɗari: masassaƙan dutse, maƙera, kafintoci, masu gyaran gilashi, masu rufin darma, masu kafa matakan ƙarfe. Aikinsu ba ya ƙarewa. An yi ginin da duwatsu iri-iri har kusan 50, kowanne da yadda ruwa da sanyi da gurɓatacciyar iska ke cin sa, wasu na ƙarni na 19 ma sun fi na farkon saurin rubewa. In wani yanki ya lalace sai a sauko da shi, a auna, a sassaƙa irinsa da hannu, a mayar. Siffa guda tana iya cin mutum watanni. Daga 1999 zuwa 2012 mace ce ke shugabancin wannan ma'aikata, Barbara Schock-Werner, ita ce ta farko a tarihinta. Ƙungiyar nan da aka kafa a 1842 kuma har yanzu tana nan, tana ɗaukar babban kaso na kuɗin gyara daga aljihun mutane.

Wannan fili ya fi akwatin zinariya taɓa ni. Mu da muka san ginin ƙasa mun san gidan da ba a yi wa yaɓe kafin damina, komai kyansa, kwanansa ƙidayayye ne; ashe dutse ma haka yake, sai dai shi nasa yaɓen sassaƙa ce. Mutanen Kolon suna da magana cewa ranar da aka gama Dom, ranar duniya za ta tashi. Shi ya sa da wuya ka same ta ba matakan ƙarfe maƙale a wani gefe. Na ji wani baƙo yana ƙorafin sun ɓata masa hoto, ni kuwa da gangan na ɗauki nawa da su a ciki. UNESCO ta sa majami'ar cikin wuraren tarihi na duniya a 1996, sannan a 2020 ta karrama ita kanta wannan al'ada ta ma'aikatun gyaran majami'u, yadda gwani ke koya wa yaro, yaro ya zama gwani ya koya wa wani.

Ɗakin kayan tarihi da ke gefen arewa mun shiga a gurguje, sanduna ne na bishop-bishop da kofunan zinariya da rigunan ado. Mai sha'awar irin wannan ya ware masa awa guda.

Lokacin salla ya riga ya yi nisa, don haka muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Ehrenfeld, tafiyar 'yan mintoci, inda babban masallacin Kolon yake. 'Ya'ya da jikokin waɗancan ma'aikata na Turkiyya ne suka gina shi, da hasumiyoyi biyu masu tsawon mita 55, aka buɗe shi a hukumance a 2018. Wanda ya zana shi, Paul Böhm, mahaifinsa da kakansa duk sun yi suna ne wajen zana coci-coci. Wannan karon Yaya ce ta tambaye ni me za ta yi, me za ta bari. Na ce ta gyara ɗankwali ta tuɓe takalmi, ta kuma bar shiga har a idar da salla. Ta zauna a harabar tana jira, na yi alwala na haɗa Azahar da La'asar, sannan muka koma tasha muka kama jirgin Bonn.